Yaranmu sun san Komodo, amma ba su san damo ba

Ranar Juma'ar da ta wuce da daddare aka ɗauke wuta, zafi ya koro mu tsakar gida muka baje tabarma, sai ƙaramin yarona ɗan shekara 9 ya ɗauki wayata yana ta kallon bidiyo. Can sai na ji ya ce Baba zo ka ga Komodo yana haɗiye akuya. Na leƙa, wani shirgegen ƙadangare ne yana tafe yana rangaji, harshe na fita yana komawa, yawu na dalala. Na ce mai ai wannan babban yayan damo ne. Sai yaron nan ya ɗago kai ya kalle ni ya ce, Baba mene ne damo?

Wallahi tambayar nan ta tsaya min a rai har yau. Yaron da aka haifa a cikin birnin Kano, ubansa Bakano kakansa Bakano, ya san sunan dabbar da ke can wani tsibiri a Indunusiya, ya san tana da dafi, ya san tana cin ɓauna, amma bai san damo ba, damo sarkin haƙuri da muka taso muna jin kirarinsa a bakin iyayenmu. Kuma fa ba laifinsa ba ne. A ina zai gan shi? Ni kaina da na zauna na yi lissafi, rabona da ganin damo da ransa yana yawonsa tun ina sakandare, hawainiya kuwa tun kafin nan.

Na san abin da wasu za su ce tun kafin su gama karantawa, ana ta kai wa yake ta kaya, mutane na fama da kuɗin masara da kuɗin makaranta da na asibiti kai kana maganar ƙadangaru. Na yarda akwai yunwa, ni ma a garin nake, a kasuwa ɗaya muke cefane. Amma ku ɗan yi haƙuri da ni, don abin da ya cinye ƙadangarun tsibiran duniya shi ne dai yake cinye namu a nan, kuma idan ka bi diddiginsa za ka tarar shi ne yake kawo mana ambaliya cikin ɗakunanmu da damina, shi ne yake ƙara mana zafin bazara. Maganar ɗaya ce.

Abin da ya sa dabbar tsibiri ta bambanta da sauran shi ne ba ta da wajen gudu. Ruwa ya kewaye ta ta ko'ina, shekaru aru-aru tana nan ita kaɗai har ta zama wani jinsi daban da babu irinsa a ko'ina a duniya, kuma da yawansu sun taso ba su san kyanwa ba, ba su san ɓera ba, ba su san kare ba, don haka ba su iya tsoro ba ma. Ranar da jirgin ruwa ya sauke musu baƙo, shikenan. Idan aka kashe damo a Gezawa akwai wani a Ningi, amma idan aka kashe na ƙarshe a tsibiri to an rufe littafinsa har tashin ƙiyama.

Akwai wani ɗan tsibiri a arewacin babban tsibirin Morishiyos cikin tekun Indiya, sunansa da Turanci yana nufin kewayayyen tsibiri, girmansa wajen murabba'in kilomita 2 ne kacal, wato bai kai wasu unguwanninmu ba. Allah ya sa ɓera bai taɓa shiga cikinsa ba, shi ya sa wasu irin kulɓa da tsaka da macizai marasa dafi da suka ƙare a babban tsibirin suka tsira a can. Sai mutane suka kai awaki da zomaye suka saki. Ba wanda ya ɗauki sanda ya bugi ƙadangare ko ɗaya, akuya ce kawai da zomo suka cinye duk wani tsiro da ya ɗago kai, ruwan sama ya zo ya wanke ƙasar ya zuba a teku, dutse ya fito fili. Wani maciji mai shiga ƙasa da babu shi a ko'ina sai nan, ganinsa na ƙarshe a 1975 ne. Sai da aka kwashe awakin a 1979, zomayen kuma a 1986, sannan itatuwa suka fara dawowa, kulɓar ta ƙaru. Amma shi macijin ya tafi kenan. Duk Bakanon da ya taɓa dasa bishiya a ƙofar gida ya manta bai kewaye ta da kara ko bulo ba ya san aikin akuya, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Jamaika. A 1872 wani mai gonar rake ya shigo da tunku guda 9 daga Indiya don su kashe masa ɓerayen da ke ɓarna a gona. Niyyarsa gyara ce. Tunkun nan suka hayayyafa suka cika tsibirin, suka koma kan ƙwai da 'ya'yan wani babban ƙadangare mai cin ganye da babu shi a ko'ina sai Jamaika, har daga wajajen 1948 masana suka ɗauka ya ƙare ƙaf. Sai a 1990 karen wani mafarauci ya kamo ɗaya a wani busasshen daji mai duwatsu da ake kira Hellshire, kusa da Kingston babban birninsu. Ashe akwai 'yan tsiraru da suka maƙale a can. Abin da suka yi ya burge ni, suna tsare ramukan da matan ke yin ƙwai, idan aka ƙyanƙyashe sai su kwashi 'ya'yan su kai gidan zoo su rene su har su yi girman da tunku ba zai iya da su ba, sannan a mayar da su daji. To ka san abin da ke barazana ga wannan ɗan dajin da ya rage musu bayan tunku? Masu sare itace suna yin gawayi. Gawayi fa. Da na karanta wannan sai da na ajiye wayar na yi shiru, don a ranar da safe na ga tirela shaƙe da buhunan gawayi ta shigo gari, kuma a gidana ma akwai buhu ɗaya a bayan kicin tunda gas ya fi ƙarfinmu.

Nan ne nake son mu tsaya mu kalli kanmu. Kano ba tsibiri ba ce, teku ma sai ka yi tafiyar kilomita wajen 1,000 kafin ka gan shi, amma mun mayar da mazaunin waɗannan dabbobin tsibirai da hannunmu, sai dai mu ba ruwa ne ya kewaye su ba, siminti ne da kwalta. Lokacin da muke yara kusan kowace unguwa a cikin birni tana da kududdufinta, inda aka ɗebi ƙasar ginin gidajen unguwar tun kaka da kakanni. Da damina ruwan unguwa can yake tafiya. A bakinsa akwai ciyawa, akwai kwaɗi, akwai kififiya, wani lokaci ka hango guza ta faɗa ruwa tsulum. Daga wannan kududdufin zuwa wancan akwai kango, akwai gindin badala da ramukanta da sarƙaƙiya, akwai lambu, dabba za ta iya bi ta nan ta ɓulla can ta samu abokin hayayyafa. Yanzu fa? An cike kududdufai da bola an yanka filoti an yi shaguna. Badalar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, shekara wajen 900 kenan, an cinye ta ta ko'ina, wani wajen sai dai a nuna maka a ce da nan ta bi. Rafin Jakara an rufe shi da kankare. Abin da ya rage wa masu jan ciki shi ne maƙabartu, da ɗan abin da ya saura a jikin Dala da Goron Dutse, da harabar wasu tsofaffin makarantu masu bishiyoyi, kowanne a yanke yake da ɗan'uwansa, tsakaninsu titi ne da Adaidaita Sahu. Hawainiyar da take tafiya kamar tana ƙirga sawunta, ta yaya za ta tsallake titin Zariya? Idan ta ƙare a wannan maƙabartar ba wata da za ta zo daga wani wajen ta maye gurbinta. Wannan shi ne tsibiri, ko da babu ɗigon ruwa.

Kuma ruwan da da yake tafiya kududdufi ai bai daina sauka ba. Yanzu ɗakunanmu yake shiga. Duk shekara muna kwashe katifu muna ɗora su kan kujeru, muna jin labarin gini ya faɗa wa mutane, gidan guza muka cike, namu gidan ruwan ya biyo. Bahaushe ya ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, to a wannan maganar mu ne muka daɗe muna shan albarkacin mazaunin ƙadangaren ba mu sani ba.

Sai maganar fatauci, wadda ita ce ta fi ciwo don akwai kuɗi a ciki. Madagaska tsibiri ne a gabashin Afirka, kusan rabin nau'o'in hawainiyar duniya a can suke, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na dabbobinsu masu jan ciki ba a samunsu a wata ƙasa. Akwai wata 'yar mitsitsiya da masana suka bayyana a 2021, namijin jikinsa milimita 13.5 ne ban da jela, a kan ɗan yatsa yake zama daram. Akwai wata kuma da rayuwarta bayan ƙyanƙyasa wata 4 zuwa 5 ce kawai, ta fi daɗewa a cikin ƙwai fiye da a waje, su girma su yi ƙwai su mutu gaba ɗaya, ya zama akwai lokacin da duk jinsin a wajen suna cikin ƙwai a ƙarƙashin ƙasa. Ikon Allah kenan, wanda duk ya ji wannan bai ce Subhanallah ba to bai saurara ba ne. Amma ƙasar nan ta rasa kashi 44 cikin 100 na dazukanta tsakanin 1953 da 2014, saboda sheme daji a ƙone a yi gona da kuma gawayi, don talakawa ne irinmu. A watan Afrilun 2018 a garin Toliara wari ya ishi mutane daga wani gida, da hukuma ta shiga sai ta tarar da kunkuru kusan 10,000 a jibge, ɗaki-ɗaki har banɗaki, ba ruwa ba abinci, wasu sun mutu a cikin 'yan'uwansu, ana jiran a fitar da su waje a sayar wa masu kiwon sha'awa. Abin da ya ƙara ba ni tausayi, ƙabilun da ke zaune a yankin da kunkurun yake, Antandroy da Mahafaly, a al'adarsu haramun ne a taɓa shi ko a ci shi, wannan al'adar ce ta tsare shi shekaru da yawa. Baƙi ne daga wasu wurare da dillalai suka zo suka karya abin.

Kar mu yi saurin cewa kai waɗannan mutane ba su da imani. Laifi tudu ne. Ka shiga kasuwanninmu wajen masu kayan fata ka ga jaka da takalmi da walat na fatar mesa da ta guza da ta kada, ka je wajen masu kayan haɗin magani ka ga busasshiyar hawainiya a tsire a jikin tsinke an jera su kamar kilishi, da ƙoƙon bayan kunkuru, da kan damo. Na taɓa tsayawa gaban wani dattijo mai irin wannan kayan a bakin wata tasha, yana da hawainiya biyu masu rai a cikin ɗan kejin waya, sun yi baƙi ƙirin saboda wahala, idanunsu sun faɗa, ɗaya ta riƙe wayar kejin da 'yan yatsunta tana lilo a hankali. Na ce Baba daga ina ake kawo muku? Ya ce ɗana da a nan bayan gari yara ke kamo mana, yanzu sai an yi nisa, shi ya sa ta yi tsada. Shi da bakinsa ya faɗi abin da nake faɗa, sai dai shi tsadar ya gani, ni ƙarewar na gani. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, abincinsa yake nema, kuma sana'ar dukanci da jima sana'ar Kano ce ta gado da muke alfahari da ita, fatar akuyarmu ta yi suna har ƙasashen Larabawa da Turai tun ɗaruruwan shekaru. Amma akuya kiwonta ake yi, ka yanka ɗaya a haifi biyu. Wa yake kiwon guza? Wa yake kiwon hawainiya? Ɗiba kawai ake yi daga daji ba a mayarwa.

Kuma doka tana nan fa. Najeriya tana cikin yarjejeniyar CITES ta 1973 da ke kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, muna da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, an yi mata gyara a 2016, akwai hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli da aka kafa a 2007. Takarda ba ta yi ƙaranci ba. Sai dai ni ban yarda a ce maganin abin shi ne a aiko jami'ai su kwashe kayan dattijon bakin tasha a ɗauke shi hoto ba, alhali babban dillalin da ke cika kwantena yana zaune lafiya. Wannan zalunci ne, kuma ba ya hana komai.

Komodon nan da yarona yake kallo shi ma ya koya min wani abu a kan wannan. Shi ne ƙadangare mafi girma a duniya, yana kai mita 3, nauyinsa wajen kilo 70, kuma danginsu ɗaya da damo da guza, ba wasa nake wa yaron ba. A 'yan tsibirai kaɗan yake, Komodo da Rinca da Flores da wasu ƙanana, gaba ɗaya waɗanda ke cikin gandun da aka keɓe musu a 1980 ba su wuce 3,000 da 'yan kai ba, kuma a 2021 aka saka shi cikin jerin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa. A kan tsibirin akwai ƙauye, mutanensa Musulmi ne masunta, suna kiran dabbar ora, kuma a tatsuniyarsu ta kaka da kakanni ɗan'uwansu ne, tagwaye aka haifa ɗaya mutum ɗaya ora, don haka ba sa kashe shi duk da yakan ɗauke musu akuya, wani lokaci ma ya ji wa mutum rauni. A 2019 'yan sanda suka kama wasu 'yan fasa-ƙwauri da ake zargi sun sayar da guda 41, sai gwamnan yankin ya ce za a rufe tsibirin, har da maganar a tashi mutanen ƙauyen wajen 2,000. Ka ji fa, mutanen da suka zauna da dabbar nan ɗaruruwan shekaru ba su ƙarar da ita ba, su za a kora saboda laifin wasu. Suka ƙi, suka yi zanga-zanga, gwamnati ta janye. A 2022 kuma aka ce kuɗin shiga ya koma rupiya miliyan 3.75, wajen dala 250, masu kwalekwale da masu raka baƙi suka tafi yajin aiki don sun san baƙi za su ɗauke ƙafa, nan ma aka janye. Ni ina bayan mutanen ƙauyen nan ɗari bisa ɗari. Duk kare dabbar da za a yi a kan wuyan talakan da ke maƙwabtaka da ita ba zai ɗore ba, kuma bai ma kamata ya ɗore ba.

Shi ya sa idan ana maganar dajin Falgore, wanda shi ne babban abin da ya rage mana a jihar nan, nake cewa kar a fara da bindiga, a fara da Sarkin Dawa da Sarkin Baka da maharba da Fulanin da ke kiwo a gefensa. Su suka san ramin damo, su suka san lokacin da mace ke ɗauke da ƙwai, kuma tsofaffin maharba suna da ƙa'idojinsu na abin da ba a kashewa da lokacin da ba a shiga daji, kafin a zo zamanin cinna wa daji wuta gaba ɗaya saboda gafiya biyu. A ba su albashi su zama masu gadi, a sa 'ya'yansu aiki. Mai yin gawayi kuma ba za ka hana shi da wa'azi ba muddin matan birni ba su da abin girki da ya fi shi araha, don mu ne kasuwarsa, har da ni da buhun bayan kicin ɗina.

Akwai wani ɓangaren da ba ya buƙatar gwamnati ko sisin kwabo, shi ne na danƙo. Mun yi shi muna yara, ni ma na yi, kuma ina tuna wata rana da har yanzu ba ta bar ni ba. Wani jan gwada ne babba a kan katangar makarantar allonmu, kai ja wur jiki shuɗi yana sheƙi, yana ta ɗaga kai yana saukewa a rana. Na saita na sake masa dutse ya same shi a baya, ya faɗo, ƙafafun baya sun daina aiki yana jan jiki da na gaba yana buɗe baki, mu kuma mun kewaye shi muna ihu muna tsokanarsa da kara. Ba ci za mu yi ba, bai yi mana komai ba. Wani tsoho mai sayar da goro a gefen ya taso ya ce kai yara ku ji tsoron Allah, me ya yi muku, shi ma tasbihi yake yi. Ya ɗauki dutse ya ƙarasa shi don ya huta, ya koma wajen farantinsa bai ƙara ce mana komai ba. Shekara fiye da 30 kenan, amma buɗe bakin nan na ƙadangaren ina ganinsa.

Na san za a kawo min hadisin kashe tsaka, kuma ingantacce ne, yana cikin Muslim, ba ni da ta cewa a kansa. Amma a duba shi da kyau, tsaka aka ambata, ba a ce duk abin da ke jan ciki ba, kuma ladan ya fi yawa ga wanda ya kashe a bugu ɗaya, wato ko a nan ɗin ba a yarda da azabtarwa ba. Addinin da ya zo da wannan shi ne ya zo da labarin Abdullahi ɗan Umar da ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci wanda ya mayar da abu mai rai abin gwada saiti. To danƙon da yaranmu ke yi wa jan gwada mene ne in ba wannan ba? Shi ne ya zo da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, da aya ta 38 a Suratul An'am da ke cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Cin damo kuwa ban hana kowa ba, malamanmu suna kawo hadisin da Khalid ɗan Walid ya ci irinsa a gaban Annabi ba a hana shi ba. Wanda ya kama ɗaya ya kai gida aka yi miya daban, wanda ya kashe ya yar daban, wanda ya ƙone daji ya kwashe uwa da ƙwai ya loda a buhu shi ma daban. Ina roƙon malamanmu masu wa'azi a rediyo da masu huɗubar Juma'a su riƙa taɓo wannan ko sau ɗaya a shekara, wallahi maganarsu ta fi ta kowace hukuma shiga kunnen mutane.

Ba kuma cewa nake a bar maciji a ɗaki ba. Kububuwa tana kashe manoma da makiyaya a arewacin nan, duk wanda ya san asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ya san ba ƙaramin abu ba ne, idan ta shigo gida rai ya fi. Amma tsoron maciji ya sa mun haɗa kowa da kowa mun yi musu kuɗin goro. Kulɓa ba ta da dafi, amma ka ji yadda ake tsorata yara da ita. Hawainiya ba ta da dafi, ba ta tofa wa kowa ciwo, abincinta fara da ƙuda da sauran ƙwari, manomi ma ya kamata ya yi murna da ganinta a gonarsa. Jan gwada yini yake yana lashe tururuwa da gara da shinge a jikin katangarka kyauta. Damo yana cin kunama da ƙadandoniya da gyare da katantanwa. Mun kashe masu cin ƙwarin, mun koma sayen fiya-fiya muna fesawa a ɗakin da jarirai ke kwana.

Har kunkurun nan da wasu masu hali ke ajiyewa a tsakar gida yara na hawa, na yankinmu ne na Sahel, kuma shi ne na uku a girma a duk duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Biyun farko ƙasashensu sun mayar da su abin alfahari, mutane na biyan kuɗin jirgi su je kallo. Namu yana cikin haɗarin ƙarewa a daji, kuma yawancinmu ba mu ma san yana da wata daraja ba.

Abin da nake so daga gidan zoo na Audu Bako ba mai tsada ba ne. Yara na zuwa da sallah dubbai suna rububin ganin zaki da jimina, to a ware wani ɓangare mai kyau na masu jan cikin ƙasar Hausa, damo da guza da hawainiya da kulɓa da kififiya da kunkuru, a rubuta sunan kowanne da Hausa da abin da yake ci da ko yana da dafi ko babu, a sa ma'aikaci mai haƙuri yana yi wa yara bayani. Jami'ar Bayero da ta Wudil suna da ɗaliban nazarin halittu da ke neman abin da za su yi bincike a kai, a tura su su ƙirga abin da ya rage a Dala da maƙabartu da bakin kogin Challawa da Falgore, mu san inda muke. Kududdufan da suka saura kuma a yi musu doka a daina yanka su, a yashe bolar a dasa bishiyoyi a gefe, ko ba don guza ba, don katifunmu.

A daren nan dai na zauna na yi wa yaron bayanin damo iya yadda zan iya, na ce mai launinsa kamar ƙasa, gajeren wuya, jiki a murɗe, idan rani ya yi sai ya shige rami ya yi watanni bai ci komai ba yana jiran damina, shi ya sa ake ce masa sarkin haƙuri. Ya ce to Baba ka kai ni in gan shi. Washegari na kira kawuna da ke ƙauye ta wajen Tudun Wada na ce Kawu jikanka yana son ganin damo da ransa, ba na miya ba. Ya yi dariya ya ce ka bari ruwa ya sauka sosai ku zo, akwai wata tsohuwar suri a bayan gonarsa da yake ganin sawu a bakinta, zai hana yara taɓa wajen har mu iso. Mun sa ranar, hutun makaranta na farko bayan saukar damina.